Madannin da Na Kafa wa Inna

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan maganata ta taso sai ta ce "wancan". Da na fara koyarwa na sami ƙarin girma, na koma "malamin makaranta". Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye, sai dai ta faɗa wa wani ya faɗa mini, ko da kuwa ina tsugune a gabanta. Haka matan zamaninta suke a ƙauyukanmu na ƙasar Wagini. Kunyar ɗan fari ce, ba wanda ya ɗauke ta ƙiyayya. Kakata ce ta ɗauke ni tun daga yaye, na girma ina ganin ƙannena suna hawa cinyar Inna suna ja mata ɗankwali, ni kuwa iyakata bakin ƙofa, in gaishe ta, ta amsa wa bango. Ba zan ce abin bai taɓa yi mini ciwo ba. Ya yi, har na fara furfura yana yi.

A lokacin da nake magana a kai mahaifinmu ya riga ya rasu. Ƙannena mata aure ya kai su nesa, namijin kuma yana kudu wajen neman abinci. Ni ina Safana ina koyar da kimiyya a wata sakandare. Inna ta rage ita kaɗai a gida da awakinta da rumbunta, sai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda katanga ɗaya ce ta raba su. Shekarun nan ne zaman ƙauye ya lalace a yankinmu saboda 'yan bindiga. Duk sanda na je sai in tarar da wani gidan an rufe shi da ƙaya, masu shi sun koma Batsari ko Katsina. Na roƙi Inna ta dawo wurina har bakina ya gaji. Amsarta ɗaya ce kullum, kuma ta bakin Gwaggo take zuwa.

"Ki hwaɗa mishi rumbu ba ya hawa babur."

Na saya mata waya. Ta karɓa ta yi godiya ga Gwaggo, ta naɗe ta a tsumma ta jefa cikin kwalla. Ko an caja mata ita, in ta ji an ce ni ne sai ta miƙa wa wanda ke kusa, in ba kowa ta bar ta ta yi ta kuka har ta gaji. Gwaggo na da tata wayar, amma kunnenta ya yi nauyi. Ina tambayarta lafiyar Inna tana ba ni labarin farashin wake. Ga shi takan ɗauki ƙafa ta tafi wurin 'ya'yanta a Batsari ta yi kwanaki. Saboda haka kowace safiya in na idar da salla sai zuciyata ta tafi ƙauye ta tsaya a ƙofar Inna. Abu ɗaya kawai nake so in sani, ko ta tashi lafiya, kuma ba ni da hanyar saninsa.

Ni dai tun ina yaro mai taɓe-taɓe ne. Rediyon da ya shigo hannuna da wuya ya fita yadda ya shigo. Da na girma halin bai bar ni ba, sai ma ya sami albashi. A wani shagon kayan lantarki a Katsina na fara ganin ɗan allon nan da masu wasa da lantarki suke yayi. Faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba, tsawonsa kamar ɗan yatsa. Yana da ƙafafu jere a gefe biyu kamar haƙoran mataji, kowace ƙafa da lambarta, kana iya sa ta kunna abu ko ta saurari abu. Ƙwaƙwalwar tana ƙarƙashin wani ɗan murfin ƙarfe, eriyar kuwa zane ne kawai na tagulla a lanƙwashe a bakin allon. Akwai kafar caji irin ta waya, ta nan yake shan wuta, ta nan kuma kake loda masa umarni daga kwamfuta. Abin da ya fi burge ni shi ne yana kama waifai da kansa, ya shiga intanet ya aika saƙo kamar mutum.

Na sayo shi ba da wata manufa ba sai kwaɗayi. Watanni ina wasa da shi da yamma bayan an tashi daga makaranta. Na sa shi ya kunna ƙwan fitila daga wayata, na sa shi ya faɗa mini zafin ɗaki, abin da jikina ya riga ya faɗa mini kyauta. Matata takan leƙo ta gan ni da ƙarfen like da dalma, hayaƙi na tashi, ta ce, "Malam, in ka gama da shi ka koya masa daka." Ban cika ba ta amsa ba, don in ina wannan aiki ba na son magana, kuma gidan duk sun san haka.

Wata safiya aka ce an shiga wani ƙauye kusa da namu. Na kira Gwaggo wayar a kashe, na kira Inna tana ta ringi a cikin kwalla. Sai bayan azahar na sami wani ɗan acaɓa da ya ce ya ga Inna da idonsa tana ba awaki dusa. A ranar na zauna na dubi allon nan, na ce ashe kai ma kana da aikin yi. Tunanina mai sauƙi ne. Tunda ba ta son magana da ni, to kar ta yi. Ta danna abu kawai, ni kuma in ga saƙo a wayata cewa ta kwana lafiya. Ba murya, ba suna, ba haɗa ido. A ganina na yi wa kunya dabara.

Na sami madannin hon na babur a wurin wani bakanike, babba, wanda ko hannu na rawa ba zai kuskure shi ba. Na haɗa shi da ƙafa ɗaya ta allon. Na sa batir da ɗan faifan sola, da abin rage wuta a tsakani, don allon ɗan lallaɓa ne, wuta kaɗan yake sha, in ta yi masa yawa ya ƙone nan take. Sannan na rubuta masa umarnin barci. Wannan na daga cikin kyawawan halayensa, yana iya yin barci mai nauyi har batir ya manta da shi, amma da an taɓa madanni zai farka, ya nemi waifai, ya aika saƙonsa, ya koma ya kwanta. Waifai ɗin kuma daga wani ɗan akwati mai sim zai samu, wanda ake kira rauta. Gidan da na yi masa robar man shafawa ce ta matata. Da gwangwani na so sa shi don ƙarko, sai na tuna ƙarfe yana toshe eriya.

Ranar da na kai kayan ƙauye, wahalar da na sha ta sabis ce. A gidan Inna ba ya sauka ƙasa. Na yi ta yawo da waya a sama kamar mai neman wata, har na same shi a kan rumbu, wajen gabas. Nan na ɗaure rauta a jikin gora na yi mata 'yar rumfa. Sai kuma katangar ɗakin Inna ta ce ba ta san zance ba. Ginin ƙasa ne mai kauri, na mahaifina, waifai ba ya ratsa shi sai da ƙyar. Dole na kafa robar a bakin ƙofa daga ciki, inda take hango rumbu. Na gwada, saƙo ya shigo wayata a tsaye a tsakar gida. Na ji daɗi ƙwarai, har na yi dariya ni kaɗai.

Inna na zaune a gindin turmi tana tsince wake, ta ba mu baya. Na yi wa Gwaggo bayani da ƙarfi yadda duka biyun za su ji.

"Gwaggo, kullum in Inna ta idar da sallar asuba, ta danna nan. Sau ɗaya ya isa. Ni kuma can Safana zan san ta tashi lafiya."

"Ta danna mi?"

"Nan. Baƙin nan."

"Shi ke nan sai ya hwaɗa maka?"

"Shi ke nan."

Gwaggo ta taɓa robar da ɗan yatsa ta janye, ta ce Allah ya ƙara basira. Inna ba ta ce uffan ba. Na ɗauki shirunta a matsayin yarda, tunda da shiru na saba karɓar komai daga wurinta. Da zan tafi ta sa Gwaggo ta ɗaura mini wake da kuka a bayan babur.

Washegari na idar da salla na zauna da waya a hannu. Gari ya waye sarai, ba saƙo. Na ce wataƙila ta manta. Jibi ma haka, gata ma haka. Na shiga zargin kayana. Ko batir ne, ko iska ta juya gorar, ko akuya ta ci waya. Ina gaban allo a aji ina koyarwa, rabin kaina yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar na hau babur a fusace, fushin da ban san da wa nake yi ba. Na isa na gaishe su a gurguje na nufi robar. Na danna, kafin in ɗago yatsa saƙo ya shigo. Komai lafiya lau.

Na juya wurin Gwaggo. Na san muryata ta ɗan hau, don ta ji ni a karo na farko.

"Gwaggo, abin nan ƙalau yake. Me ya hana a danna? Kwana nawa ba na barci!"

Gwaggo ta dube ni tun daga hula har takalmi. Ta ja hannuna muka koma zaure, ta zaunar da ni kamar yaro.

"Kai, da iliminka da komi. Wa ka gaida wani, uwa ko ɗa?"

Ba ta jira amsata ba ta ci gaba.

"Ka kahwa mata abu a ƙohwa, ka ce kullum ta tashi da sahe ta gaishe ka. Ita ta gaishe ka! Kana kwance Sahwana, ta aiko maka da ina kwana. Ko uban da ya haihe ka bai yi wanga ba."

"Ba gaisuwa ba ce, Gwaggo, sanarwa ce kawai."

"To mi ne ne gaisuwa in ba sanarwa ba? Ai ta ce in hwaɗa maka, ita ba ta iya ba. Na ƙi hwaɗi ne don in ga ko za ka gane da kanka."

Na zauna a zauren nan ina kallon ƙasa. Duk lissafin da na yi na wuta da batir da eriya daidai ne, amma na kafa abin a juye. A garinmu ƙarami ke zuwa wurin babba, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya fara. Babba amsawa yake yi. Ni da aka yi wa wannan tarbiyya tun ina rarrafe, da na riƙe ƙarfen like sai na manta da ita gaba ɗaya. Na cire robar na sa a jaka, na shiga na yi wa Inna sallama. Ta amsa wa bango yadda ta saba, sai dai na ga kamar kafaɗarta ta ɗan motsa, ina zaton dariya take dannewa.

Gyaran bai ɗauke ni dogon lokaci ba, don allon na da ƙafafu da yawa da ban taɓa ba. Na ƙara ɗan ƙwan fitila kore a ɗaya, da 'yar ƙararrawa mai siririyar murya a wata. Na sake masa umarni. Yanzu yakan farka da kansa lokaci-lokaci, ya leƙa intanet ya ga ko na aiko. In na aiko, sai ya kunna koren ƙwai, ya yi ƙara a hankali, ya jira. Na yi ta rage ƙarar har ta zama ba ta fi kukan ɗan tsako ba, don ban so ya zama kamar ina ƙwala mata kira. Na mayar da shi na kafa a inda yake. Wannan karon na tsuguna na yi bayanin a hankali.

"Gwaggo, ki gaya wa Inna, in ta ga koren nan ya kama, ni ne na zo gaisuwa. In ta ga dama ta amsa."

Inna ta ce, "Ki ce mishi na ji."

Washegari na idar da salla na aika. Na ajiye wayar a kan darduma na ƙura mata ido. Shiru. Na gama lazimi, shiru. Matata ta kawo koko na ce ta ajiye. Har na fara saka takalmi zan fita, sai wayar ta yi motsi. Kalmar da na rubuta wa allon da hannuna ce ta fito, "Lafiya lau", ba wani abu sabo. Amma na san yatsan da ya danna. Na koma na zauna a bakin gado, idona ya cika. Matata ta tambaye ni ko lafiya, na nuna mata wayar.

Daga nan abin ya zama al'ada. Ba ta taɓa amsawa da wuri ba. Gwaggo ta ce tana ganin koren sarai, amma sai ta gama jan carbinta, ta shafa addu'a, ta naɗe darduma, wani lokaci har ta leƙa awaki, sannan ta zo ta danna. Babba ba ya rawar jiki wajen amsa gaisuwa. Da farko jinkirin na ci mini rai, daga baya na koyi karanta shi. In ta yi saurin amsawa, ranar akwai biki ko ta'aziyya da za ta. In ta daɗe sosai, ƙafar ce ta motsa, sai in aika da man zafi ta hannun masu zuwa kasuwar Batsari. Ran da na makara kuwa labari ya iso ni. Gwaggo ta ce Inna ta fito tsakar gida ta ce wa awaki, "Yau malamin makaranta barci ya ɗauke shi, ko su ɗiyan mutane wa zai koya musu." Ban sake makara ba.

Sai aka shiga lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Ba kira, ba saƙo, ba intanet, daga Safana har Batsari har ƙauyuka. Ɗan allona na nan da ransa, yana farkawa yana neman hanya yana rasawa yana komawa barci. Waɗannan watanni sun yi mini tsawo. Na koma zaman da nake yi da, har ya fi na da muni, don yanzu na ɗanɗana sani. Duk ƙarshen mako nakan hau babur in tafi, matata na bi na da addu'a har bakin titi. Hanya ta yi shiru, gonaki da yawa ba a nome ba, in ka hango ƙura daga nesa sai gabanka ya faɗi. In na isa sai in tarar an rufe robar da wani ɗan ƙyalle mai tsabta. Na tambayi Gwaggo, ta ce Inna ce, wai kar ƙura ta shiga idonsa kafin ya warke.

Ranar da layi ya dawo ina Safana. Ban je na taɓa komai ba. Allon ba ya manta abin da aka loda masa, ko wuta ta ɗauke ko an yi wata da watanni, yana riƙe da sunan rautarsa da umarninsa. Na aika gaisuwa da safe ina cewa a raina da wuya. Ta amsa. Ranar ma ba ta fasa jinkirinta ba.

Muka ci gaba a haka har damina ta zagayo ta wuce, aka yi girbi. Ƙauyen na ƙara raguwa, Inna na ƙara tsufa. Na sake tayar da maganar ƙaura, aka sake ba ni amsar rumbu. Na haƙura. Na ce tunda ina samun kalmar nan kowace safiya, zan iya ɗaukar sauran.

Wata Alhamis na gaishe ta da asuba, amsar ba ta zo ba sai da rana ta fito sosai. Na ce ƙafar ce, zan aika da magani. Na tafi makaranta. Da hantsi ina cikin aji, ina zana wa yara yadda wuta ke zagaya waya, sai na ji wayata ta motsa a aljihu. Ba na duba waya a aji, na hana kaina na hana yara, amma ranar na duba. "Lafiya lau." Ni kuwa ban aika mata wata gaisuwa ba.

Na tsaya da alli a hannu. Kaina ya fara kawo mini dalilai irin na masu gyara. Wataƙila raɓa ta shiga madannin, wataƙila wayoyi biyu sun haɗu, wataƙila kaza ce ta yi tsalle. Ina cikin wannan sai wani ya sake shigowa. "Lafiya lau." Matar da ta ƙi danna abin nan don kar a ce ta fara gaida ɗanta, matar da ta shekara hamsin da wani abu ba ta neme ni da bakinta ba, ba za ta danna shi da rana tsaka don wasa ba. Kuma ba ta da wata kalma a cikin robar nan sai wadda na sa. Da ita kaɗai za ta iya kirana.

Ban tuna abin da na ce wa yaran ba. Na san dai na leƙa ofis na ce uwata, na hau babur. Na kira Gwaggo a hanya, ta ɗauka cikin hayaniya, ashe tana kasuwar Batsari tun safe, ta bi masu kai wake. Na yi ta ihu tana cewa mi, na kashe. Gudun da na yi ranar ban taɓa yin irinsa ba, ban kuma sake ba. Ramukan da nake kaucewa kullum duk na bi ta kansu. Ban tsaya gaida kowa ba, har dattawan da ke zaune a bakin masallacin ƙauyenmu, na wuce su kamar ban san su ba.

Gidan shiru. Awaki na ɗaure ba a sake su ba, suna ta kuka. Murhu ba wuta. Na yi sallama a tsakar gida ba a amsa ba, na sake yi a bakin ƙofa. Sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa.

Tana kwance a ƙasa daga ciki, dab da ƙofa, ƙarƙashin robar, ta jingina kai da bango. Tabarmarta na can ƙuryar ɗaki, ga sawun inda ta jawo jiki a kan daɓe. Gefen bakinta ya ɗan karkace, hannunta na hagu na yashe a cinyarta kamar ba nata ba. Na tuɓe takalmi na tsuguna. Na waiga ina neman wanda zan ce ya tambaye ta me ya same ta, sai na tuna ba kowa. Ita ma na ga ta juya ido wajen katangar Gwaggo, ta dawo da shi. Mu biyu ne kawai a gidan.

"Inna, sannu. Ina ke ciwo?"

Ba ta dube ni ba, idonta na kan dokin ƙofa. Da ta yi magana harshen ya yi nauyi, amma na ji kowace kalma.

"Har ka iso?"

"Na iso, Inna."

"Da na san haka abin ga ke kawo ka da sauri, da na daɗe da danna shi."

Na sunkuyar da kai hawaye na zuba a kan daɓe, ni da na zo taimako. Ita ce ma ta ce, "Bari kuka, ɗebo mini ruwa." Na ɗebo a moɗa, na tallafi kanta na ba ta, rabi na shiga rabi na zubowa ta gefen baki. Na ce mata asibiti za mu tafi, Batsari, yanzu. Na shirya jin maganar rumbu. Ba ta yi ta ba. Cewa ta yi in kwance awaki in kai su gidan maƙwabta, in kuma ɗauko mata mayafinta mai ruwan ƙasa.

A asibitin ta yi 'yan kwanaki, ba ta ƙara magana sosai ba. Ƙannena suka iso, ɗaki ya cika, ta koma yi mini saƙo ta bakin Gwaggo kamar yadda aka saba, ni kuma na koma bakin ƙofa. Ranar Litinin da la'asar Allah ya karɓi abarsa. Muka mayar da ita ƙauye muka binne ta kusa da mahaifina. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Amma ranar Alhamis ɗin nan babu mota a ƙauyen, babu kuma namiji mai ƙarfi da zai zauna a baya ya riƙe ta. Wata tsohuwa maƙwabciya ce ta taimaka mini muka ɗora ta a babur, ta kawo zani ta zagaye mu da shi mu biyu, ta ɗaure a ƙirjina tamau. Na tuƙa a hankali, ina kauce wa kowane rami. Tun daga ƙofar gida har Batsari kanta na jingine a tsakiyar bayana, hannunta mai lafiya na riƙe da aljihun rigata, ina jin numfashinta da ɗumi ta cikin yadi. Tun da aka yaye ni jikina bai taɓa nata ba sai ranar, kuma da ba don ciwon ba da na so hanyar ta fi haka tsawo.